Tartibin Waƙa: Tsakanin Mai Ita da Mai Sauraronta

A cikin watan Nuwamba na shekarar 1968 wasu samari huɗu ƴan birnin Libaful ta ƙasar Ingila, waɗanda duniya ta sani da sunan Beatles, suka fitar da waƙoƙi 30 a kan faifai biyu, cikin wata farar jaka wadda babu hoto babu zane a bayanta. Kuma tun daga wannan lokaci har ya zuwa yau, alhali biyu daga cikin huɗun sun daɗe da barin duniya, masoyansu ba su gushe ba suna jayayya a kan mas'ala guda, wato da a ce an tace waƙoƙin nan an bar rabinsu a faifai ɗaya tak, wace za a ɗauka, wace za a zubar, wace za ta buɗe, wace kuma za ta rufe. Jayayyar ma ba daga ƴan kallo ta faro ba, domin George Martin, wanda shi ne mai ɗaukar musu murya da daidaita musu kiɗa, tun ana cikin aikin ya ba da shawarar a rage, suka ƙi. Da aka zo jera waƙoƙin kuwa, sai da shi da biyu daga cikinsu suka yi wuni da kwana a ɗakin ɗaukar murya suna ɗaga wannan suna sauke waccan. Duk da wannan wahala da suka sha, kowane mai ƙaunarsu yana da nasa jerin a aljihu, kuma a ganinsa nasa ya fi na masu abin.

La'alla mai karatu ya ce, ina ruwan mutumin Tanut ko Balbeji, wanda tunaninsa ke kan saukar damina da kuɗin tiyar hatsi, da gardamar Turawa a kan faifan da ya girmi ubansa? Jawabi shi ne, abin da su suke yi jefi-jefi don nishaɗi, mu nan Damargu ba mu taɓa sanin wata hanyar sauraron waƙa ba sai shi, domin da wuya ka sami wanda ya taɓa jin waƙoƙin wani mawaƙi bisa tartibin da mawaƙin ya ajiye su. Abin da nake gani shi ne, jera waƙa haƙƙi ne na mai sauraro, ba ya bukatar neman izini a kansa. Amma akwai wani haƙƙi na mai waƙa wanda muka yi wa riƙon sakainar kashi, alhali ya fi jeri nauyi nesa ba kusa ba. Ba zan tsoma baki cikin saɓanin malamai game da hukuncin kiɗa ba, wannan fage ne mai masu shi. Maganata a kan abin da ke gudana ne a tasha da kasuwa da fadar samari, ko an so ko an ƙi.

Ya kamata a fara sanin cewa tartibin nan da Turawa ke girmamawa, asalinsa larura ce ta na'ura kafin ya zama hikima. Babban faifan garmaho ba ya ɗaukar fiye da minti 20 da ƴan kai a kowace fuska, kuma allura tana farawa daga gefe, inda faifan ke gudu da sauri murya ta fita tangaram, tana matsawa ciki muryar tana dushewa; saboda haka masu sana'ar suka saba sa waƙa mai ƙarfi a farkon fuska, su tura mai sanyi can kusa da cibiya, sa'an nan tun da dole mai sauraro ya tashi ya juya faifan, sai kowane faifai ya zama yana da mabuɗi biyu da marufi biyu. Bayan larurar na'ura sai kuma hannun ɗan kasuwa. Kamfanin Capitol na Amurka ya riƙa karɓar faifan Beatles mai waƙa 14, ya rage shi zuwa 11 ko 12, ya tara ragowar ya ƙaga wani faifan dabam da sabon suna, har zuwa shekarar 1967, ta yadda yaron Amurka da yaron Ingila suka tashi a kan ruwaya biyu ta mawaƙa ɗaya, kowa yana rantsuwa tasa ce sahihiya.

To, bari mu dawo gida. Damargu tun fil azal ƙasar ratse ce: ayarin Kel Ewe kan sauko daga Abzin da gishirin Bilma da dabino, su auni hatsinmu, su zarce Damagaram da Kano, da zamani ya juya sai mota ta gaji raƙumi a kan hanyar da ta taso daga Damagaram ta bi Bakin Birji da Tanut da Adarbisanat ta faɗa Agadas. A ƙarshen shekarun 1980 da farkon na 1990 wani sabon kaya ya shiga wannan hanya, marar nauyi, marar kuɗin fito, wato kaset ɗin gita na samarin Buzaye. Tushensa su Ibrahim ag Alhabib ne, mutanen yankin Kidal a Mali, waɗanda gudun hijira ya kai Tamanrasat ta Aljeriya, daga nan zuwa sansanonin Libiya, suka zama ƙungiyar da aka sani da Tinariwen. Ba su da kamfani, ba su da faifai, ba su da kanti. Duk wanda ya zo musu da kaset marar komai sai su zauna su kaɗa masa a ciki, ya tafi da abinsa, wani ya kwafa daga nasa, wani kuma daga na wancan, har muryar ta koma kamar ana waƙa a cikin iskar hunturu. A nan Nijar marigayi Abdallah Umbadugu da ƙungiyarsa Takrist n'Akal ne suka riƙe wannan tuta, kuma a zamanin tawaye, tsakanin abin da ya auku a Cintabaradan cikin Mayun 1990 da yarjejeniyar sulhu ta 24 ga Afrilun 1995, kaset ɗinsa a ɓoye yake yawo daga hannu zuwa hannu, domin kama mutum da shi kan iya ja masa fitina. Mai kwafa shi ne alƙalin kansa: kaset mai minti 60 yana ba shi rabin awa a kowace fuska, mai 90 yana ba shi minti 45, shi zai zaɓi abin da zai shiga da abin da zai bari, idan kuma wuri ya ragu a ƙarshe ya cike da Shata ko Ɗan Gurmu, babu mai ce masa don me.

Sai a shekarar 2001, bayan fiye da shekara 20 da fara kiɗansu, Tinariwen suka sami faifai na farko da ya shiga kasuwar duniya, wanda aka ɗauka a gidan rediyon Tisdas na Kidal. Na biyu, Amassakoul, ya biyo baya a 2004, sa'an nan Aman Iman a 2007, wanda Baturen Ingila Justin Adams ya ɗauka a Bamako. Da yawa daga waƙoƙin da ke cikin faifan nan tsofaffi ne, sun riga sun tsufa a kunnen direbobi da makiyaya tun kafin a buga su. Idan haka ne, wane jeri ne na asali, wane ne bidi'a? Wanda aka buga a Turai shi ne ya zo daga baya, ruwaya ce guda cikin ruwayoyi masu yawa, ba ta fi sauran komai ba sai kyan murya da kyan jaka.

A duba Aman Iman ɗin kansa. An buɗe shi da “Cler Achel”, aka bi ta da “Mano Dayak”, aka kai “Soixante Trois” can wajen tsakiya. Hujjar wanda ya jera a fili take, kuma ba hujja ce ta banza ba: yana nufin kunnen mutumin Paris ko Landan wanda bai san kalma ɗaya ta Tamajak ba, wanda idan kiɗan farko bai kama shi ba ba zai jira na biyu ba, don haka aka sa masa mai tashe a bakin ƙofa. Amma ka miƙa waƙoƙin nan ga ɗan Nijar, ba sai ka faɗa masa wace zai sa gaba ba, domin Mano Dayak ɗan Abzin ne, da yawa cikin dattawan hanyar Agadas sun gan shi ido da ido, kuma ba a manta da haɗarin jirgin saman da ya yi ajalinsa cikin Disambar 1995 ba. Ni kuwa da za a ba ni wuƙa da nama, da “Soixante Trois” zan fara, saboda tana magana ne a kan tawayen 1963 a yankin Kidal, wanda a cikinsa aka kashe mahaifin Ibrahim yana yaro ƙarami, kuma duk hijira da kewa da ɗacin da ke cikin sauran waƙoƙin daga wannan shekara suka ɓuɓɓugo. Wanda ya fara da ita ya shiga gidan ta zaure, wanda ya same ta a tsakiya kuwa sai ya koma baya ya sake sauraron abin da ya wuce kafin ya gane shi. Na san akwai wanda zai ce waƙa ce mai nauyi, ba a tarbar baƙo da makoki. Wannan ma magana ce, kuma irin wannan ja-in-ja ita ce alamar cewa mutane sun saurara da hankali, domin ba mai gardama a kan abin da bai sani ba ciki da bai.

Magabata ba su ɗauki wannan aiki abin kunya ba, bal ma sun lissafa shi cikin hidimar ilmi. Mu'allaƙat da ɗalibai ke haddacewa a zaurukanmu, ba mawaƙansu ne suka haɗa su wuri ɗaya ba, Hammadur Rawiya ne ake jingina wa tara su, bayan masu su sun daɗe a ƙasa. Kuma har yau malaman adabi suna da saɓani, wasu su ce bakwai ne, wasu su ce goma, wannan ya shigar da Nabiga, wancan ya fitar da shi. Diwanin Abu Tammam, Assuli ya jera shi bisa haruffan ƙafiya, Aliyu bin Hamza na Isfahan ya sake jera shi babi-babi bisa manufa, yabo a gefe, marsiyya a gefe, ba a kuwa ji wanda ya tuhumi ɗayansu da cin amana ba. Kusa da gida ma, Ishiriniyar Alfazazi da ake rerawa a watan Mauludi tare da tahamisin Ibn Muhib muke karanta ta, sun cuɗanya har ba kowane mai rerawa ke rarrabe baitin wannan da na wancan ba. Tabban Haƙiƙa kuwa Shehu Usmanu ya yi ta da Fillanci, Nana Asma'u ta mayar da ita Hausa, Isan Kware ya yi mata tahamisi. Almajiran da ke yawo da Imfirajin Aliyu Namangi a kasuwanni, kowa daga inda ya ga zai taɓa zuciyar masu sadaka yake kamawa. Uwa uba Shata, wanda bai taɓa rera Bakandamiyarsa sau biyu iri ɗaya ba. Sai dai a lura da abu guda game da malaman nan duka: kowanensu ya juya, ya ƙara, ya sake jeri, amma babu wanda ya shafe sunan mai asali.

Yau kaset ya kau, katin waya ya gaje shi. A tashar Tanut, ko ranar kasuwar Bakin Birji, ko a Balbeji, za ka iske saurayi a ƙarƙashin rumfa da kwamfuta da tarin wayoyi a caji, sana'arsa tura waƙa. Ka miƙa kati ka ce a zuba maka gita, ko na fim, ko wa'azi, ko ka ce ya haɗa maka duk yadda ya gani. Wannan saurayi, ko ya sani ko bai sani ba, shi ne rawin zamaninmu. Ƙananan akwatunan kiɗa masu arha da yawansu suna bin waƙoƙi ne bisa yadda aka zuba su a katin, salula kuma takan bi haruffan suna, saboda haka gwanayen cikinsu sun koyi zuba waƙa ɗaya bayan ɗaya, ko su liƙa lamba a gaban sunan, don abin ya fito yadda mai kati ke so. Direbobin dogon zango su ne manyan malaman wannan fanni. Wanda ya taso daga Damagaram da asuba ba ya buɗewa da gita, karatu ne ko yabon Manzo har rana ta ɗaga. In an wuce Tanut an miƙa arewa, gonaki suka ƙare, zafi ya sauka, barci ya fara satar ido, nan ne muhallin makaɗin gita Bombino da duk wani kiɗa mai gudu. In dare ya yi, fasinja suka yi laushi, sai a sa Shata ya yi ta zuba, mai ji ya ji, mai gyangyaɗi ya yi. Samarin fada kuma da shayinsu suke auna jeri, abin da ake sa wa kofin farko mai ɗaci ba shi ake sa wa na uku ba. Abin ya yi kama da jeren ɗakin amarya: gwaggwanni da ƴan uwa su wuni suna tsara kwanuka da tasoshi yadda zai ƙayatar da ƴan ganin ɗaki, amma kafin wata ya zagayo amarya ta sauke wannan ta matso da wancan kusa da hannu, domin ita ce za ta zauna a ciki.

Akwai masu inkarin wannan ra'ayi, kuma ba ƙananan mutane ba ne. A shekarar 2010 ƙungiyar Pink Floyd ta kai kamfanin EMI gaban alƙali a Landan, ta kuma yi nasara, a kan kada a riƙa sayar da waƙoƙinta ɗai-ɗai a intanet ba da yardarta ba. A 2021 mawaƙiya Adele ta roƙi kamfanin Spotify ya daina hautsina jerin faifai da kansa, ya kuwa amsa mata. Na sallama musu a wuri ɗaya. Akwai aikin da aka gina shi dunƙule, irin The Dark Side of the Moon na Pink Floyd ɗin na 1973, inda waƙa ke narkewa cikin ta gaba babu tsayawa, wanda hukuncinsa hukuncin ƙasida ɗaya ne, ba na diwani ba. Mai jera ƙasidu a diwani yana da sarari, mai hautsina baitocin ƙasida kuwa ɓarna ya yi. Haka nan ladabi ne, idan mawaƙi ya ajiye tartibinsa, a saurare shi yadda ya ajiye ko da sau ɗaya, kamar yadda ɗalibi ke karanta matani kafin ya buɗe sharhi. Amma wannan hujja ba ta da ƙarfi sosai a kan kiɗanmu, wanda a filin biki aka haife shi, inda waƙa ɗaya kan yi tsawon da masu rawa suka ga dama. In ana neman wanda ya datse ta, sai a tambayi wanda ya matse ta ta koma minti 4 don ta shiga faifai.

Inda muka yi asara ta gaske shi ne wajen suna. Mdou Moctar, ɗan yankin Cintabaradan da Abalak a jihar Tawa, ya je Sakkwato a 2008 ya ɗauki waƙoƙinsa na Anar da irin na'urar lanƙwasa murya ta waƙoƙin fim ɗin Hausa; ba a buga su a kanti ba, daga waya zuwa waya suka yi ta tsallakawa har suka kai arewacin Mali, inda wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley, wanda ke tara waƙoƙi daga katunan mutane, ya ci karo da “Tahoultine”. Abin da ke rubuce a jikin waƙar bai wuce guntun sunan mai ita ba, da wannan guntun ya yi ta cigiya har ya same shi, ya sa waƙar cikin faifan Music from Saharan Cellphones a 2011; daga nan ƙofa ta buɗe, har mutumin ya zagaya Turai da Amurka, ya fitar da Afrique Victime a 2021. Da wani mai tura waƙa a tsakanin Sakkwato da Kidal ya goge wannan kalma guda ya rubuta “gita mai daɗi”, da waƙar ta ci gaba da yawo, mai ita kuwa yana gida ba wanda ya san inda zai neme shi.

Buɗe katin kowane ɗayanmu ka ga abin takaici: “sabuwa”, “Buzaye 3”, “ta biki”, ko lamba tsirara babu ko harafi. Duk gitar da ta yi daɗi sai a jingina ta ga Bombino ko Tinariwen, ko da kuwa wani yaro ne ya kaɗa ta a wani biki cikin ƙasar Tarka aka ɗauka da salula. Matan da ke buga tande a rugage, da mawaƙan Dagira, da samarin Bororo, muryoyinsu sun kai Agadas da Kano, sunayensu ba su fita daga ƙauye ba. Kada a ce ai ba kuɗi ake biyansu ba balle su yi asara. Makaɗin karkara ba daga hukumar kare haƙƙin mawallafa da ke Yamai yake ci ba, wadda ba ta da hanyar bin kowane kati a kowace rumfa. Daga gayyatar biki da suna yake ci, kuma ba a gayyatar wanda ba a san sunansa ba. A zamanin tawaye ɓoye suna yana da uzuri, domin sutura ce ga mai waƙa da mai kaset baki ɗaya. Duk da haka, da yawa cikin tsofaffin kaset ɗin nan sukan buɗe da muryar wani yana faɗin wuri da rana, yana gai da waɗanda ke zaune, wato isnadin waƙar a bakinta. Yau da babu mai kama kowa saboda gita, wannan gabatarwa ita ce abu na farko da ake datsewa don waƙa ta yi saurin farawa.

Mu da muka tashi a hannun malaman da ba sa karɓar magana sai sun tambayi daga wa aka ji ta, bai kamace mu mu zama masu ruwaya marar isnadi ba. Gyaran kuwa ba ya cin ko dala. Mai tura waƙa ya jera yadda ya so, ya sa ta ƙarshe a farko, ya haɗa Abdallah da Shata a kati ɗaya in haka mai kati ke so, amma ya bar sunan mai waƙa a jikinta, in ya san garinsa ya ƙara. Mai miƙa kati shi ma ya riƙa tambaya, domin ɗan kasuwa ba ya wahalar da kansa a kan abin da mai saye bai nema ba. Masu gabatar da shiri a gidajen rediyon karkara su ne suka fi kowa iko a nan: idan waƙa ta zo musu babu suna, su sa ta, su yi cigiya a iska. A ƙasa irin Damargu, inda ranar kasuwa ɗaya ke haɗa mutumin Gangara da na Tenhiya da na Olelewa, da wuya a kwana biyu ba a sami wanda zai bugo waya ya ce ɗan wane ne, a bikin wane aka ɗauka ba.